Ummi, Ki Sauke Abba Ya Taka Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida ɗan angona Abba. Allah ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Abuja lafiya, gajiyar mota ta sake ku, kun kuma dace da maƙwabta na kirki. Mu nan sai godiyar Allah.

Zan cusa takardar a cikin buhun da na zuba miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don na san shi za ki fara kwancewa ran da za ki ɗora tukunya. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na koye shi a makarantar matan aure, layin ba ya miƙewa. Na so in faɗa miki maganar nan baki da baki tun kina gabana. Sau da yawa nakan zo in zauna kusa da ke da niyyar farawa, sai in ɓige da tambayarki ko kin ga inda na ajiye ludayi.

Ba wa'azin zaman aure zan yi miki ba. An yi miki shi ran da aka kai ki, na kuma ga kin riƙe. Maganata a kan Abba ce.

Kin tuna ranar da kika tafi Kano sayen akwati kika bar min shi? Kin dawo da la'asar kika tarar na cire masa safa da takalmi, taɓo har gwiwa, ga ƙurjewa a ƙaurinsa. Kika ɗauke shi cak, idonki ya ciko, kika ce, “Inna, bakwaini ne fa. Ke kin san wahalar da muka sha kafin yaron nan ya zama mutum.” Ban ba ki amsa ba a ranar, don na ga a tsorace kike. Na san tsoron nan. Na yi shekaru da shi. Ga amsar yanzu, ki karanta a tsanake in yaron ya yi barci.

Kin san kina da wa wanda ba ki tarar ba. Ban cika yi miki zancensa ba, kuma har yau bakina bai iya kama sunansa ba. Yaro ne mai ƙiriniya, tun da ya koyi tafiya bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Wata rana da damina aka yi ruwa mai yawa, ya tuɓe ya shiga ƙarƙashin indararo shi da yaran gidan nan, suna tsalle suna ihu. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina dariya. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi, kafin mu yi wani abin kirki Allah ya karɓi abinsa. Daga baya na gane zazzaɓin cizon sauro ne, a daminar ya ɗauki yara a garin nan har da waɗanda ba su taɓa leƙa ruwan sama ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ni a lokacin abu ɗaya zuciyata ta riƙe: na bar shi ya yi wasa, ya mutu.

Da wannan zuciyar na haife ki.

Tun da aka yi suna na ɗaure ki a bayana. Ina daka kina baya, ina shara kina baya, ina tuƙa tuwo kina baya. In na sauke ki, to a kan gado ne, na kewaye ki da matasai. Ƙasar tsakar gida kuwa ban yarda ko tafin ƙafarki ya taɓa ta ba. Saude 'yar gidan Talatu maƙwabciyarmu, wadda wata ɗaya aka haife ku, ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara gudu har tana bin kaji. Ke kuwa kin haura shekara biyu, in an ajiye ki sai dai ki ja gindi kaɗan ki miƙo hannu a ɗauke ki. Ƙafafunki sirara kamar sillen kara. Mata suka fara ƙus-ƙus, wannan ta ce shan inna ne, waccan ta ce iska ce. Na jiƙa saiwoyi iri-iri na ba ki, na yi miki hayaƙi har idonki ya yi ja.

Da abin ya ishi Babanku, ran kasuwar Tsanyawa ya sa mu a mota muka je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta lallatsa ƙafafunki, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta yi miki cakulkuli a tafin ƙafa kika harba. Sai ta dube ni ta ce, “Yarinyar nan lafiyarta ƙalau. A ina take wuni?”

Na ce, “A bayana.”

Ta cire tabarau ta ce, “To baiwar Allah, da wace ƙafa za ta koyi tafiya? Da taki?”

Haushi na ji. Na dawo gida ina cewa matar nan ba ta san zafin binne ɗa ba, na ƙara tamke majanyi.

Kakarki Iya, mahaifiyar Babanku, ita ta kwance shi. Lokacin kaka ne, ana roron wake, ni kuma ga cikin ƙaninki Auwalu ya tsufa, bayana kamar zai rabe biyu. Wata safiya na sunkuya zan goya ki, na kasa miƙewa. Iya ta zo ta zare majanyin daga hannuna, ta saɓe ki a kafaɗa ta bi 'yan roro zuwa gonarmu ta bayan gari. Da rana ta take na kasa daurewa, na ɗauki ƙwaryar fura na bi su, wai na kai musu abin sha.

Daga nesa na hango Iya a gindin ɗorawa tana ɓarar wake, cinyarta babu kowa. Na waiga ina nemanki. Sai ga ki can tsakiyar kunya, a tsaye, kin riƙe karan dawa da hannu biyu. Jikinki fari fat da ƙasa, har cikin bakinki. Yara sun kamo fara sun ɗaure mata zare a ƙafa, Saude ce ke riƙe da zaren, farar tana tashi tana faɗowa a gabanki. Kika ƙyalƙyale da wata dariya da ban taɓa jin kin yi ba. Kika saki karan, kika miƙa hannu, kika ɗaga ƙafa kika taka, kika ƙara takawa, sannan kika kifa da fuska a kan kunya.

Na saki ƙwaryar, fura ta malale. Zan ruga, Iya ta cafke wuyan hannuna. Tsohuwa ce amma riƙonta kamar na namiji. Ta ce, “Tsaya. In kika je da wannan fuskar kuka za ta yi, kuma ba don zafi ba, don ta ga kin tsorata.”

Kika ɗago kai kina tofar da ƙasa. Kika dubi yaran, babu mai kuka, kowa hankalinsa yana kan fara. Sai kika lalubi wani karan kika sake miƙewa. Ni ce na zauna a ƙasa na yi kukan. Kafin a gama shigar da amfanin gona rumbu, sai da na riƙa cigiyarki a maƙwabta.

To Ummi, ki sauke Abba. Na san bakwaini ne, ina wurin aka naɗe shi a auduga, tafin hannuna ya kusa rufe bayansa. Amma wancan jaririn ya wuce, yanzu yaro ne ɗan shekara uku, likitoci ma sun sallame ku tuni. Ƙashi da tsoka sai an mora su suke yin ƙwari. Gudun nan da tsallen nan da hawa da saukar da kike gani kamar ɓarna, su ne aikinsa, kamar yadda noma yake aikin Babanku. In ya faɗi, ki riƙe fuskarki ki ɗan dakata. Shi da kansa zai nuna miki ko faɗuwar ta kuka ce.

Kada ki zaci daga ranar gonar na warke. Na sauke ki daga baya, amma bakina ya ci gaba da goyonki. “Sauko.” “Kar ki taɓa.” “Dawo nan.” “Za ki ɓata kaya.” Haka nake bin ki wuni guda. In na ga kin zauna da su Saude kuna kwaɓa tuwon ƙasa a gwangwanin madara, sai in janyo ki in wanke ki in zaunar da ke a tabarma. A zamanin nan ne cin abinci ya zama yaƙi tsakanina da ke. In bi ki da cokali, ki datse baki. In yi lallashi, in yi tsawa, ki karɓi loma ɗaya ki ajiye ta a kumatu. Na sayo maganin cin abinci na kwalba, bai yi komai ba.

Wata rana ina tsince gero a bayan rumbu, ba ki san ina wurin ba. Kin sami totuwar masara kin naɗe ta da tsumma kin goya, ita ce 'yarki. Saude ta shimfiɗa ganye ta ce, “Sauke 'yarki ta zo ta ci tuwo da tawa.” Sai na ji kin ce, da irin muryata sak, har da jan numfashin da nake yi, “A'a, ba za ta sauka ba. In ta sauka mutuwa za ta yi.”

Ummi, faifan da ke hannuna sai da ya kusa suɓucewa. Ban taɓa furta wannan kalma a gabanki ba, amma kin tsince ta a jikina. Na zagayo na durƙusa a gabanku, na ce, “Salamu alaikum masu gida, baƙuwa ce daga nesa, yunwa nake ji.” Kuka dube ni kamar kun ga aljana. Saude ce ta yi ƙarfin hali ta miƙo min tuwon ƙasa a murfin kwalba, da miyar ganyen tafasa. Na yi kamar ina ci, na yaba gishiri. Na ce, “Ita waccan 'yar ba za a sauke ta ta gaishe ni ba?” Sai kika kwance tsumman a hankali kika zaunar da totuwar a ƙasa. Muka zuba mata ido mu uku. Ba abin da ya same ta.

Ranar na bar ki kika yi wasa har rana ta yi sanyi. Da na zuba tuwon dawa da miyar kuka, hannu biyu kika sa, kika suɗe kwano, barci ya kwashe ki a wurin ko hannu ban gama wanke miki ba.

Shi ya sa nake ce miki, in kin ga Abba yana wasa shi kaɗai yana surutu, ki rage aikinki ki kasa kunne. A nan za ki ji abin da yake tsoro da abin da yake so, a nan kuma za ki ji kanki. Kuma kafin ki kai shi asibiti a kan ba ya cin abinci ko ba ya barci, ki fara tambayar kanki ko ya gaji yau. Yaron da ya wuni a kan kujera da me zai ji yunwa? Kaya kuwa ki ware masa na wasa, tsofaffi, waɗanda in sun yage ranki ba zai ɓaci ba. Sabulu yana fitar da taɓo.

Bari in ba ki wanda zai sa ki dariya, ko da yake ni a lokacin ban yi dariya ba. Kin shiga firamare, kun ƙware a 'yar gala-gala, duk ƙofar gidan nan zanenku ne. Wata rana kika shigo da kuka, gwiwar hannunki tana jini, wai Saude ta ce kin taka layi, kin ce ba ki taka ba, ta ture ki. Ko tambayar ba'asi ban yi ba. Na figi mayafi na faɗa gidan Talatu ko sallamar kirki babu. Na ce ta ja wa 'yarta kunne. Ta ce ai tawa ma ba waliyyiya ba ce. Na faɗa, ta faɗa, muka tono har zancen kazar da ta shiga shanyar wani tun shekarun baya. Mata suka leƙo ta katanga. Muna tsaka da haka sai surukar Talatu ta daka mana tsawa ta ce, “Ku dubi zaure, marasa kunya!” Muka juya. Ga ki ga Saude a kan dakali, kafaɗa da kafaɗa, kuna gwaguyar goruba ɗaya, ke ki gatsa ki miƙa mata, kuna kallonmu kamar masu kallon dambe.

Ku kun shirya kafin jinin ya bushe. Ni da Talatu sai da azumi ya zo muka koma gaisawa sosai.

A can inda za ku zauna, Abba zai haɗu da yaran da ba yarensu ɗaya ba, wataƙila ba addininsu ɗaya ba. Ki bar shi ya shiga cikinsu. Za a ƙwace masa ƙwallo, shi ma zai ƙwace na wani. Za a cinye shi a wasa ya dawo yana kumbura. Ki share masa hawaye, ki ba shi ruwa, ki mayar da shi. A cikin wannan rigimar tasu yake koyon jiran layinsa ya zo, da ba da haƙuri, da tsayawa a kan gaskiyarsa in an zalunce shi. Ba ki da yadda za ki koya masa waɗannan a ɗaki ke da shi. Sai in kin ga babba yana cin zalin ƙarami, ko wani ya ɗauki abin da zai yi rauni, to nan ki sa baki, kuma da yaran za ki yi magana a hankali, ba da uwarsu a tsaye ba.

Ba na ce wasa ba ya da haɗari ba. Hannunki na hagu shaida ne. Kin tuna lilon da yaran unguwa suka ɗaura a reshen tsamiyar ƙofar gida? Kika hau a tsaye don ki nuna wa su Auwalu kin fi su, igiya ta zame, kika faɗo a kan hannu. Ƙarar da kika yi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Aka kai ki aka yi ɗori. Muna dawowa na tare Babanku a zaure na ce, “Malam, gobe a sare reshen nan. In ba za a sare ba ni zan ɗauki gatari.”

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “In na sare reshe, gobe katanga za ta hau. In na rushe katanga, ta hau rumbu. Zo ki ga abin da ya kamata mu ji tsoro.” Ya ja ni tsakar gida ya nuna min bakin rijiyarmu, a buɗe, gefenta ya zaizaye, guga a yashe a kusa. Shekara da shekaru ina hana ki taɓa ƙasa, ga rijiya a buɗe ina wucewa ta gefenta kullum ban gan ta ba. Washegari ya kira magini aka ɗaga bakinta aka yi mata murfin ƙarfe. Ya tara yaran gidan ya kafa musu doka a kan kududdufin bayan gari, ba mai zuwa sai da babba. Lilon kuwa da hannunsa ya sake ɗaura shi, da sabuwar igiya, ya sassauto da shi ƙasa, ya zuba yashi a ƙarƙashi. Ran da aka kwance miki ɗori, a kan lilon na same ki. A zaune dai wannan karon.

Ki yi irin na Babanku. Ran da kuka shiga gidan, tun kafin ki jera kwanuka, ki durƙusa daidai tsayin Abba ki zagaya ki duba. Kin ce a bene ne, to ki duba ƙarfen baranda ko kansa zai iya shiga. Ki duba wayar wuta da ramukan soket, da tukunyar gas, da bokiti ko baho mai ruwa, da inda kike ajiye magani da kananzir, da ƙofar da take fita titi. Waɗannan su ne rijiyarki. Ki toshe su da gaske, ba sassauci. In kin gama, ki sake shi. Ƙurjewar gwiwa da ƙulun goshi ba a rainon yaro ba tare da su ba.

Saura maganar karatu, don na ji ku ke da maigidanki kuna lissafin makarantar da za ku sa shi, har ana cewa tun yanzu ana ba su aikin gida. Karatu alheri ne, ni da na same shi a makare na fi kowa sanin haka. Amma ga abin da ya faru da ke. Shekarar da za a yi muku jarrabawar hadda a Islamiyya, na ɗauki abin da zafi. Na ce ba gala-gala, ba carafke, ba tsallen igiya sai an gama. Daga makaranta sai ɗaki. Kika zauna kina maimaitawa, kina hamma, kina kuka da ciwon kai. Abin da kika riƙe da safe, kafin la'asar ya zube. Na ce wasa ne ya cika miki kai, na ƙara tsanani, abin ya ƙara lalacewa.

Lokacin gero ya fara nuna, tsuntsaye sun addabi gona. Babanku ya leƙo ɗaki ya gan ki kin kifa kai a kan gwiwa, ya ce, “Taso, ina neman mai korar tsuntsu.” Na ce, “Malam, jarrabawa fa.” Ya ce, “Na sani.” Ya ba ku gwangwanaye da tsakuwa a ciki ke da Auwalu, kuka yi ta gudu daga wannan kai na gona zuwa wancan kuna kaɗawa kuna ihu. In kun gaji kun zauna a inuwa, sai ya ja miki baƙi kaɗan ki biya, tsuntsaye su sauko, ku sake tashi da gudu. Kika dawo gida a galabaice, ƙafa duk ƙaiƙayi. Da asuba ina hura wuta na ji ki a bayan ɗaki kina alwala kina karanto wurin da ya gagare ki, tiryan-tiryan, ba gargada. Sai na ɗauko igiyar tsallenki daga inda na ɓoye ta, na rataye a ƙofar ɗaki.

Don haka in an ba Abba aikin gida ya ƙi zama, kada ki ce ba ya da ƙwaƙwalwa, kada ki ɗauki bulala. Ki fitar da shi ya yi gudu ya dawo. Kan yaro ba ya buɗewa in jikinsa a ɗaure yake.

Yanzu ki dubi abin da idonki ya gani a 'yan watannin da kuka yi a nan. Da farkon damina kuka zo, yaron nan in zakara ya yi cara sai ya maƙale ki. Maganarsa ba ta wuce “Mama” da “ba ni”. In ya yi rigima ki miƙa masa waya, ya yi tsit, ido a kan gilashi, wuya a lanƙwashe, ko sunansa aka kira ba ya ji. Ban ga laifinki ba, a ɗaki ɗaya kuke a birni, ga girki ga wanki, ga tsoron da ke ranki. Amma dubi yau. Kakansa ya yi masa motar kara, ya ja ta har ta karye, ya zauna ya yi ta ƙoƙarin mayar da ƙafar da kansa. Ya koyi gara taya. Ya san sunan kowace akuya a gidan nan, har ya raɗa wa wadda ba ta da suna. Shekaranjiya ya zo ya ba ni labari mai tsawo a kan wani ƙadangare da ya gudu ya bar wutsiyarsa, rabin maganar ban gane ba, amma da hannu da ƙafa ya yi min bayani har na gane. Ƙaurinsa ya yi tauri, in na ɗauke shi sai na yi nishi. Ba wani magani na ba shi ba, Ummi. Ƙofa kawai na buɗe.

Abin da nake tsoro shi ne ku hau benen nan ku rufe ƙofa, ya koma yadda ya zo. Na san can babu gona, babu tsamiya. Amma ba a rasa fili. Ki nemi inda yaran unguwa suke taruwa, ko harabar gidan, ko filin makaranta in an tashi, ki sauko da shi da safe kafin rana ta yi zafi, ki sake saukowa da la'asar. Ki zauna a gefe da tsintar shinkafarki, idonki a kansa, bakinki a rufe. Inda babu kwalba ko ƙusa, ki cire masa takalmi. Ran da ruwa ya hana fita, ki ture kujeru gefe, ki zube matasai a ƙasa ya yi ta tsallakewa, ki ba shi kwalin da kuka kwaso kaya ya mai da shi mota ko gida. Ki ba shi murfin tukunya da muciya, ki toshe kunnenki. Waya ban ce ki haramta ba, zamaninsu ne, amma kada ta zama ita ce mai rainonsa. In zai taɓa ta, ya kasance ya riga ya gaji da gudu.

Ki gaya wa maigidanki, cikin ladabi, in ya dawo daga aiki ya ajiye jaka ya durƙusa yaron ya hau bayansa, su yi kokawa ya bari a kayar da shi. Girmansa ba zai ragu ba. Babanku da gemunsa fari ya yi rarrafe a tsakar gidan nan Abba yana kansa yana cewa “hai, hai”, da aka yi sallama a zaure ya miƙe ya kakkaɓe riga ya fita, limanci ma ya ja a ranar. In kuma Allah ya ba ku 'ya mace nan gaba, ita ma ƙafa biyu gare ta. Kada a zaunar da ita tun tana ƙarama da sunan natsuwa. Natsuwa za ta zo a lokacinta.

Ke ma ki yi wasa da shi. Kin iya, na san kin iya, ba wadda ta fi ki tsallen igiya a unguwar nan. Tsoron da ke ranki ba zai tafi rana ɗaya ba, nawa ma har yanzu yakan leƙo. In ya taso, ki yi addu'a, ki damƙa yaron ga Wanda ya ba ki shi, sannan ki zauna a kan hannuwanki in ta kama.

Allah ya tsare ku a hanya da masauki. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da wuta da ruwa, da sharrin mutum da na dare da na rana. Allah ya sa garin ya karɓe ku, ya buɗa wa maigidanki a aikinsa, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya raya Abba a kan imani, ya ba shi ƙarfin jiki da kaifin hankali da taushin zuciya, ya sa ya ji ƙanku in kun tsufa. Ke kuma na yafe miki duniya da lahira, ban taɓa kwana da ɓacin ranki ba. Allah ya yi miki albarka.

Da sauran magana, amma dole in tsaya nan. Kina can ɗaki kina ninke kaya, shi kuma angon nawa ga shi a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, ya ce yau ni ce kura, shi ne ɗan akuya, in ban taso na kama shi ba ya sake ni. Gwiwata tun safe take ciwo. Bari in lallaɓa in tashi, kada aurena ya mutu ana jibi tafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna